Waya ta Uku: Abu Uku, Suna Ɗaya



Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora a Ƙiru, ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, zai ga abin da ba a saba gani ba a shekarun baya: farantan sola a kan rufin shaguna da masallatai da ƙananan asibitoci, da kuma saman tankunan rijiyoyin burtsatse. A ƙarƙashin waɗannan farantai akwai inbata, akwai batir, wani wurin akwai mita da na'urar sarrafa famfo. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, waɗannan na'urori magana suke yi da juna. Batirin lityam yana gaya wa inbata yawan cajin da ya rage masa da iyakar wutar da zai iya ɗauka. Idan maganar ta katse, wata inbatar sai ta tsaya cak, wata kuma ta ci gaba da caji a makance.

Ra'ayinmu na wannan mako a kan wayoyin da ke ɗauke da wannan magana yake, musamman waya ɗaya da ake yawan mantawa da ita. Muna ganin cewa wani ɓangare na asarar da mutanenmu ke yi a kayan sola matsala ce ta harshe, kuma gyaranta ya shafe mu kai tsaye, mu masu riƙe da alƙalami. Turanci yana kiran abubuwa uku mabambanta da kalma ɗaya mai ma'anar ƙasa. Idan muka kwaso ta haka muka zuba a Hausa, mun gado ruɗanin, mun kuma raba shi ga wanda ba shi da littafin da zai duba. Kafin mu kai ga hujja, bari mu fahimci abin da kansa, domin marubuci ba ya raɗa wa abin da bai sani ba suna.

A jikin batir ko inbata za a ga ƙananan ramuka an rubuta RS485 ko CAN. Na farkon ƙa'ida ce da wata ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka ta fitar a 1983. Na biyun kamfanin Bosch na Jamus ne ya gabatar da shi a 1986 domin motoci, daga baya ya bazu zuwa masana'antu. Akwai kuma Modbus, wanda kamfanin Modicon ya ƙirƙiro a 1979. Shi Modbus tamkar yare ne da na'urori ke magana da shi, RS485 kuwa hanyar da maganar ke bi. Irin waɗannan hanyoyi ne manyan wuraren aiki a duniya ke amfani da su wajen haɗa mitoci da na'urorin awo da ɗakin sarrafawa, tun daga masana'antar shinkafa har tashar lantarki ta ruwa, irin mai megawat 10 da gwamnatin Kano ta gina a madatsar Tiga da ke Bebeji. Ke nan abin da ƙaramin mai haɗa sola yake taɓawa a shagon cajin waya, danginsa ne injiniya ke taɓawa a babbar tasha.

Dabarar tana da kyau ƙwarai. Ana aika saƙo ta wayoyi biyu da aka murɗe su tare kamar igiya. Mai karɓa ba ruwansa da ƙarfin wutar kowace waya ita kaɗai, bambancin da ke tsakaninsu yake dubawa. Idan ta farko ta ɗara ta biyu, alama ɗaya ke nan. Idan ta biyu ta ɗara, wata alamar ce. A RS485 bambancin da bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na bolt ɗaya ba ya isa a gane saƙo. Idan hayaniyar lantarki ta taso daga janareta ko famfo, tana faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida saboda a murɗe suke tare, don haka bambancin yana nan yadda yake. Wannan ya sa saƙo ke iya tafiyar kusan mita 1,200 idan ba a matsa masa da sauri ba, kuma na'urori har 32 su rataya a layi ɗaya bisa ainihin ƙa'idar.

Daga nan ne kuskuren ya samo asali. Tunda bambanci kawai ake dubawa, sai aka ɗauka waya biyu sun wadatar, har ana kiran tsarin mai waya biyu. Amma ɗan guntun da ke karɓar saƙon a cikin na'ura yana da iyaka. Ƙa'idar RS485 ta ce wutar kowace waya, idan an auna ta daga sifilin na'urar da ke karɓa, kada ta yi ƙasa da bolt 7 a ƙarƙashin sifili, kada kuma ta haura bolt 12 a samansa. Iyakar CAN ta asali ma ta fi wannan ƙunci: daga 2 a ƙarƙashin sifili zuwa 7 a sama. Tambayar ita ce, sifilin wa? Kowace na'ura tana da nata sifilin, wato matakin da take fara ƙidaya daga gare shi. Idan sifilin batir da na inbata suka yi nisa da juna, saƙo zai fara gurɓata. Idan nisan ya yi yawa, ɗan guntun ya ƙone.

Maginanmu sun daɗe da sanin irin wannan matsala. Idan za a daidaita tsayin kusurwa biyu na gini, ba a auna kowacce daga ƙasan da take kai, domin wani gefen tudu ne, wani kwari. Sai a ɗauko siririn tiyo mai ruwa a ciki, a ja shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ruwan ya nuna mataki ɗaya a duka biyun. Waya ta uku aikin wannan tiyo take yi. Tana haɗa sifilin na'urorin domin su fara ƙidaya daga wuri guda. A jikin na'ura akan rubuta mata GND ko COM ko SG. Takardar ƙa'idar Modbus ta fito fili ta ce dole waya ta uku ta haɗa dukkan na'urorin da ke kan layi, kuma ta fi son a haɗa ta da ƙasa a wuri ɗaya tak a duk tsawon layin.

Wani zai ce, ai kowace na'ura an haɗa ta da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ƙasa kuwa ɗaya ce, me ya sa ba za ta yi aikin tiyon ba? Amsar ita ce, a wajen lantarki ƙasa ba ɗaya ba ce, kuma yankinmu na kudancin Kano ya isa misali. Ƙasar fadama mai danshi a gefen Tiga ko Bagauda tana barin wuta ta ratsa ta da sauƙi. Ƙasar Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, dutse ne a ƙarƙashi, dutse kuwa turjiya yake wa wuta. Wuri ɗaya ma yana sauyawa: sandar da ke aiki lafiya a watan Agusta, idan hunturu ya busar da ƙasa sai turjiyarta ta ƙaru. Al'adar zuba gishiri da gawayi a ramin sanda tana rage turjiya na ɗan lokaci, amma ruwa yana wanke gishirin, kuma gishirin yana cin ƙarfe. Da zarar wuta ta ɗan zurara ta sandar wani gini, daga famfo ko tsohuwar wayar da ta goge, sifilin wannan gini ya ɗaga sama da na maƙwabcinsa. Bolt 7 ba wani abu ba ne mai wuyar kaiwa.

Sannan ga tsawa. Aradu matsakaiciya tana ɗauke da wuta kimanin amfiya 30,000. A ce turjiyar sanda om 10 ce, wanda ma ba laifi. Lissafin ɗan makaranta ne: 30,000 sau 10, bolt 300,000 ke nan a kan wannan sanda na ɗan ƙiftawar ido, alhali sandar ɗaya ginin da ke nesa tana kusa da sifili. Siririyar wayar saƙo da ta haɗa ginin biyu ita za ta ɗauki wannan bambanci. Shi ya sa bayan ruwan sama mai tsawa za a tarar farantai lafiya, batir lafiya, amma ramin saƙo ya mutu, a ɗora laifin a kan kayan jabu. Wani lokacin jabun ne. Sau da yawa kuwa haɗin ne.

To sai a ce, shi ke nan, a ja waya ta uku a ɗaure ta da sandar ƙasa a kowane gefe. Nan ma akwai tarko. Idan aka yi haka, an buɗe wa wutar da ke yawo tsakanin sanduna biyu gajeriyar hanya ta cikin siririyar wayar da ba a yi ta don ɗaukar kaya ba. Za ta jawo hayaniya, tana iya yin zafi. Saboda haka ne masana suka tanadi hanyoyi: a haɗa ta da ƙasa a wuri ɗaya kawai, ko a sa resista mai om 100 tsakaninta da ƙasan kowace na'ura domin rage wutar da za ta bi, ko a yi amfani da na'ura mai raba tsakani, wadda saƙo ke tsallakawa ta haske ko maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Idan layin zai fita daga gini zuwa gini, kamar daga ɗakin batir zuwa ɗakin famfo, raba tsakanin da na'urar kare tsawa su ne rigakafi, wayar gilashi mai ɗaukar haske kuma ta fi duka, domin wuta ba ta bin ta sam.

Yanzu mu dawo kan harshe. A cikin bayanin nan mun ambaci abubuwa biyu, ga na uku yana zuwa. Na ɗaya, waya mai launin kore da rawaya da ke haɗa jikin na'ura da sandar ƙasa. Aikinta kare ran mutum: idan wuta ta taɓa jikin ƙarfe, ta samu hanyar gudu ba ta jikin yaron da ya dafa ba. Na biyu, waya ta uku da ke daidaita sifili. Aikinta kare saƙo. Na uku, saƙar siraran ƙarfe ko takardar alminiyam da ke lulluɓe da wayoyin a cikin robarsu, wadda ke tare hayaniya daga waje. Duka ukun a takardun da ke zuwa da kaya za a iya samun kalmar ƙasa a jikinsu.

Shawararmu ita ce mu ba kowanne sunansa. Ta farko mu bar mata wayar ƙasa, tunda ita ce ke shiga ƙasa da gaske. Ta biyu mu kira ta wayar daidaito. Na uku mu kira shi sulke, domin saƙarsa da aikinsa duk irin na sulken mayaƙa ne. Ku duba yadda jimla ke fitowa idan an yi haka: a ja wayar daidaito zuwa kowace na'ura, a haɗa ta da wayar ƙasa a wuri ɗaya, kada a mai da sulke wayar daidaito. Yaron shago da ya gama firamare zai riƙe wannan. Ku gwada faɗin jimlar da kalmar ƙasa a duka wuraren uku ku ji abin da za ta zama.

Haɗarin ruɗanin ya wuce asarar kuɗi. Wanda ya ji an ce haɗa ƙasa a wuri biyu yana ɓata saƙo, in bai san wace ƙasa ake nufi ba, yana iya cire wayar kore da rawaya daga jikin inbata. Saƙon ma yana iya gyaruwa, ya tafi yana murna, ya bar akwatin ƙarfe mai wutar bolt 230 a ciki babu kariya, a ɗakin da mata da yara ke shiga. Duk rubutun da za mu yi a kan wannan batu, wannan jimla ta zama a cikinsa: ba a cire wayar ƙasa don gyaran saƙo, ko da wasa.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko za su ce, ga dubban haɗi nan da waya biyu suna aiki lafiya. Gaskiya ne. Idan batir da inbata suna jingine da juna, wayar ba ta fi mita ɗaya ko biyu ba, kuma dama sifilinsu ya haɗu ta wata hanyar, waya biyu za su yi aiki shekara da shekaru. Wasu na'urorin ma masu ƙera su ba su fitar da wurin waya ta uku ba, saboda sun yi tanadi a ciki. Amma wanda ya koya a kan gajeren layi, ranar da aka ba shi aikin gona ko makaranta mai gine-gine da yawa, da wannan sabon zai tafi. Abin da muke so ya sani shi ne dalilin da ya sa na farkon ya yi aiki, domin ya gane ranar da dalilin ya kau.

Na biyu za su ce, su kansu masanan ba su daidaita ba. Wannan ma haka ne. A kan sulke, takardar Modbus ta ce a haɗa shi da ƙasa a gefe ɗaya, masu tsarin Profibus na Jamus kuwa suna haɗa shi a gefe biyu, tare da jan wata waya mai kauri da za ta daidaita ƙasan wuraren. Hatta haruffan A da B da ake sa wa wayoyin saƙo, wani kamfanin abin da ya kira A shi wani ya kira B. Ramin da ke jikin batir kuma kamarsa ɗaya da na wayar intanet, amma jerin ƙafafunsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka wayar da ta shiga ba lallai ita ce ta dace ba. Mu a wurinmu wannan saɓani ƙarin dalili ne na yin rubutu. Aikin marubuci a nan ya bayyana abin da kowane ɓangare ke gudu: masu gefe ɗaya suna gudun wutar da ke yawo tsakanin sanduna, masu gefe biyu suna gudun hayaniya mai saurin kaɗawa. Sannan ya ce wa mai karatu ya bi takardar na'urar da ke gabansa.

Na uku, kuma shi ya fi yawa a cikinmu: mu marubutan labari ne da waƙa, ina ruwanmu da wayoyi? Tarihin rubutunmu bai goyi bayan wannan ba. Abubakar Imam da ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, shi ne kuma ya haɗu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausa. Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 ta yi wa manoma da malamai bayanin abubuwan da ba su da suna a Hausa a lokacin, sunayen kuma suka zauna. Waɗanda suka fi iya sarrafa harshe su ne suka ɗauki wannan nauyi. Yau a cikin ƙungiyoyinmu akwai masu difloma a fannin lantarki da gini da aikin gona da lafiya. Da safe muna karatu da Turanci, da dare muna rubuta soyayya da Hausa, kamar mutum biyu ne a riga ɗaya. Babu laifi a labarin soyayya. Laifin shi ne ilimin da iyayenmu suka biya kuɗinsa ya tsaya a takardar jarrabawa.

Sai dai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rubutun fasaha da aka yi da ka ya fi rashinsa illa, domin mai karatu zai ɗauka ya aikata. Don haka ga abin da muke ganin ya zama sharaɗi a tsakaninmu. Kada mu rubuta lamba sai mun gan ta a takardar ƙa'ida ko ta na'ura. Kada mu ƙirƙiri kalma sai mun tambayi masu sana'ar ko suna da tasu, domin inbata da batir da mita sun riga sun zama Hausa, ba su buƙatar mu sauya musu suna. Inda kalma ɗaya ta rufe abu biyu, a nan ne ƙirƙira ta wajaba. Kuma kowane bayani ya zo da abin da mutum zai iya gwadawa da hannunsa. Misali, a layin da aka haɗa daidai akan sa resista mai om 120 a kowane ƙarshe, saboda haka idan aka kashe wuta aka auna tsakanin wayoyin saƙo biyu, mitar gwaji za ta nuna kusan om 60. Idan ta nuna kusan 120, ɗaya babu. Wanda ya gwada wannan sau ɗaya ya ga ta fito, zai yarda da sauran abin da muka rubuta.

Masu labari ma akwai rabonsu. Jarumanmu kullum ɗan Alhaji ne da ya dawo daga Ingila ko likita mai babbar mota. Ina yarinyar Tudun Wada da ta koyi haɗa sola, aka kira ta rijiyar ƙauye da ta daina ba da ruwa tun ruwan farko, gari ya rabu biyu a kan wanda ya ci kuɗin gyara? A irin wannan labari akwai zargi, akwai amana, akwai gaskiyar da ke ɓoye a cikin waya guda. Sai dai ba za a iya rubuta shi ba sai an san wayar.

Aikinmu na wannan mako ke nan. Kowa ya zaɓi abu ɗaya daga sana'ar da ya karanta ko ya gada, wanda kalma ɗaya ke rufe abubuwa biyu a cikinsa, ya rubuta shafi guda yana rarrabe su. Kafin ya kawo mana, ya je ya karanta wa mai wannan sana'a a kasuwar Ƙiru ko Bebeji ko duk inda yake. In mai sana'ar ya gyara masa kalma, ya karɓa ya gode. Sunaye ukun da muka kawo ma, wayar ƙasa da wayar daidaito da sulke, a kai su gaban masu haɗa sola a ji ta bakinsu. In suna da waɗanda suka fi su, nasu za mu ɗauka.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.